Ruwan Baƙunta

A zamanin da Sarki Tunau yake kan gadon Birnin Dargaza, babu abin da mutum zai nema a ƙasar ya rasa. Gero ya yi wa rumbuna yawa, shanu sun cika fadama, rijiya kuwa kafin ka gaji da haƙa ruwa ya tarye ka. Amma in ka zauna da Badargaje ka yaba masa garinsu, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ba ka ga komai ba tunda ba ka ga Tsauni ba. Shi ma fa bai taɓa gani ba. Ubansa bai gani ba, kakansa ma a bakin tsofaffi ya ji.

Asalin Dargazawa can arewa ne, cikin hamada, a gindin wani tsauni da Gulbin Kaka ya ratsa. Rigimar sarauta ce ta raba wa da ƙane. Ƙanen ya yi rinjaye ya zauna, zuriyarsa su ne Tsaunawa. Wan ya kwashi mutanensa ya yo kudu. Da ya zo kan iyaka, inda wani dogon dutse yake tsaye shi kaɗai, wanda ake kira Dutsen Sallama, sai ya juya ya dubi ƙasarsa, ya rantse cewa ranar da jikokinsa za su komo, ba za su wuce dutsen nan da ko ɗigon ruwan wata ƙasa ba. Za su zubar da shi, su shiga gida da ƙishirwarsu, Gulbin Kaka ya shayar da su. Tun daga nan, kowace shekara bayan girbi, babba da yaro sai su fita bayan ganuwa da ƙoƙon ruwa, su fuskanci arewa su tuttular, wai suna gwajin ranar komawa. Ruwan rijiyoyin da ya raya su kuwa, ko kunya ba sa ji, ruwan baƙunta suke ce masa.

Duk Dargaza ba wanda ciwon nan ya kama kamar Sarki Tunau. A ɗakin kakarsa ya tashi, da waƙoƙin Tsauni aka yaye shi: raƙuman dawa suna miƙa wuya cikin gawo, dorina tana nishi a tsakiyar gulbi, masunta suna jan taru har hannu ya gaji. Da ya hau gado ya sa aka rushe zauren fada, aka sake gina shi yana kallon arewa. Sannan ya rufe wa Tsaunawa hanya. Da can sukan zo da gishiri a kan raƙuma su koma da gero. Ya ce ba za su ƙara auna ko tiya ɗaya a kasuwarsa ba sai sun mayar masa da ƙasar kakanninsa. Su kuwa Tsaunawa mutane ne masu kulle baki. Ba su taɓa barin baƙo ya wuce Dutsen Sallama ba, ba su kuma taɓa gaya wa kowa halin da ƙasarsu take ciki ba.

Wata safiya da bazara, fada ta cika, Shamaki ya shigo ya faɗi ya ce ga jekada daga Sarkin Tsauni Arzika. Aka ce ya shigo. Wani dogo ne siriri mai suna Illo, ya ja amawali har ƙasan ido. Aka kawo masa ruwan baƙo ya sha, ya yi gaisuwa, sannan ya zaro wata 'yar gora da aka liƙe bakinta da danƙo, ya ajiye a gaban Sarki. Da ya buɗe baki, tsofaffin fada suka dubi juna, domin irin Hausar da ke cikin waƙoƙinsu ce take fitowa.

"Allah shi ja zamaninka. Sarkin Tsauni shina gaishe ka, gaisuwar ƙane ga wa, ko da shike kun hana muna hatsi. Ya ce in kawo maka wanga. Ruwan da kuke ma waƙa ne. Ya ce ka sha ka kashe marmari, ka buɗe muna hanya, ka zamna inda kake, don wagga gora ita ce iyakar rabonka."

Sarki bai ko ji zafin maganar ba, idonsa yana kan gorar. Ya ce, "Jekada, gulbin yana nan?"

Illo ya ce, "Na baro shi ya cika ya batse, ranka shi daɗe. Sai da jirgi munka ƙetare."

Sarki ya ɓalle danƙon da hannunsa, bai bari ko maɗanɗani ya taɓa ba. Ya kurɓa. Ruwa ne mai sanyi da ɗanɗanon dutse. Ya riƙe shi a baki ya daɗe kafin ya haɗiye, hawaye kuwa suka gangaro masa har gemu a gaban bayi da hakimai, bai damu ya share ba. Aka fita da jekada masauki, majalisa ta zauna.

Galadima Barmo ne ya fara magana. Dattijo ne mai jiki, wanda ya yi wa sarakuna uku aiki, kuma bai taɓa yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba.

"Zaki, a yi mini gafara. Ni ma da waƙoƙin nan aka rene ni, har yau ina son su. Amma na zuba wa jekadan nan ido. Da aka ba shi ruwa, sai da ya tsotse ƙoƙon tas. Da ya ga bawa yana yayyafa wa ƙofar zaure ruwa, ya kawar da kai kamar ya ga ana yanka mutum. Wanda ya tashi a bakin gulbi ba haka yake da ruwa ba. Sannan mai gulbi me zai kawo shi roƙon gero wajenmu? A buɗe musu hanya, a sa fatakenmu su bi su a hankali, mu san abin da ke bayan dutsen nan kafin mu ɗaga mashi."

Kaura Dambo, shugaban mayaƙa, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Galadima ya yi ƙiba da tuwon baƙunta, shi ya sa arewa take masa nisa. An kawo mana gidan ubanmu a cikin gora, an ce iyakar rabonmu ke nan, shi kuma yana ƙirga yadda baƙo ya sha ruwa. In muka haɗiye wannan, da wane ido za mu fita bayan ganuwa bana? Yaranmu su tambaye mu yaushe ne ranar, mu ce musu me?"

Galadima ya ce, "Mu ce musu suna da rai, Kaura."

Aka daɗe ana kai da komo. Magajiya Tarana, gwaggon Sarki, wadda ke riƙe da al'adun gidan, tana gefe a kan buzunta, sai Sarki ya dube ta. Ta ce, "Ɗana, ni ban san yaƙi ba. Abin da na sani, sarakuna nawa na ga an sa a rami fuskarsu tana kallon arewa, kowanne ya mutu da maganar nan a bakinsa. In za ka je, ka je da al'ada cikakkiya. Wanda ya wuce Dutsen Sallama da ruwan baƙunta, ƙasar ba za ta san shi ba."

Sarki Tunau ya miƙe, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Galadima, maganarka ta hankali ce, na ji ta. Amma tun ina goye nake jin ƙishirwar nan, yau na san ɗanɗanon abin da nake nema. Ba zan iya komawa in zauna kamar ban sha ba. A buga tambari."

Haka aka yi. Rundunar da ta fita Ƙofar Arewa ba a taɓa ganin irinta ba: 'yan baka, 'yan mashi, barade, da raƙuma jere suna rangaji da salkunan ruwa. Har da waɗanda suka ɗaura taru da ƙugiya a cikin kayansu, don kada su isa gulbi su tsaya kallon kifi. Galadima ya so a bar shi tsaron gari, daga baya ya ce a'a, gara ya ga abin da idonsa.

Suka bar gonaki a baya, suka bar kuka da ɗorawa, itatuwa suka riƙa gajarcewa har ya zama daga aduwa sai tumfafiya. Daga nan ƙasa ta buɗe, ba tudu ba kwari, sai rairayi da sararin sama. Jiminai sukan tsaya daga nesa su kalle su, yanyawa takan leƙo daga rami da manyan kunnuwanta ta koma. Mayaƙan da ba su taɓa barin inuwar ganuwa ba suka fara waiwayen gida. Wata rana da hantsi sai ga garken mariri, farare masu dogayen ƙahoni, sun ratsa gaban runduna sun miƙe arewa. Sankira, mai shelar Sarki, ya ɗaga murya ya ce dabbobin kakanni ne suka fito taryen Sarki, aka yi ta guɗa da kirari. Galadima ya bi su da kallo, ya ga haƙarƙarinsu a waje.

Da suka hango Dutsen Sallama, ba wanda ya ba da umarni, runduna ta tsaya da kanta. Ga shi nan tsaye kamar yadda waƙa ta faɗa, baƙi, dogo, shi kaɗai, can bayansa kuma ga Tsauni ya yi shuɗi a ƙarshen sama. Tsofaffin mayaƙa suka durƙusa suna shafa ƙasa a fuska.

Galadima ya sauko daga raƙuminsa, ya kama linzamin Sarki, ya yi ƙasa da murya. "Zaki, na roƙe ka da girman kakarka. A zubar da rabi a cika al'ada, rabi a bar shi nan da masu tsaro. In gulbi yana nan, ba mu yi asarar komai ba."

Sarki ya waiwaya ya dubi salkunan. Wallahi da an ba shi ɗan lokaci, wataƙila da ya yarda. Sai dai kafin ya buɗe baki, wani tsohon ɗan baka ya riga ya kwance bakin salkarsa, yana rera waƙar da suke yi bayan ganuwa. Na kusa da shi ya amsa, ya kwance tasa. Nan da nan waƙa ta kama runduna daga gaba har baya. Abin da suka yi ta gwadawa da ƙoƙo tun suna yara, yau ga shi da gaske, wa zai tare su? Mazaje masu gemu suna kuka suna dariya, suna tuttular da ruwa, rairayi yana shanyewa kafin ya kai ga ƙafarsu. Sarki ya zare hannun Galadima daga linzami a hankali, ya kwance tasa gorar, ya juye ta har ɗigon ƙarshe.

A mashigar Tsauni, wani matsattsen wuri tsakanin duwatsu biyu, Tsaunawa suka tare su a kan raƙuma, da dogayen masu da garkuwoyin fatar mariri. Aka gwabza. Kibau suka yi ta sauka a kan garkuwa, raƙuma suna kururuwa, Kaura Dambo ya kutsa tsakiya da takobi yana kiran sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya san gulbi yana bayan abokin gabansa, ga ƙishirwa tana cin maƙogwaronsa, ba a tare shi. Kafin rana ta take tsaka Tsaunawa suka juya, suka watse cikin duwatsu ta hanyoyin da su kaɗai suka sani. Ba wanda ya bi su. Kowa ya yar da garkuwa ya ruga gaba, ana rige-rigen wanda zai fara sa baki a Gulbin Kaka.

Sarki Tunau yana cikin na farko da suka hau gaɓa. Gulbin yana nan, da faɗinsa, da lanƙwasarsa, da tsibirin da waƙa ta ambata a tsakiya. Farin yashi ne kwance daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sarki ya sauka ya taka, ya ji abu yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa, ya duba, ashe ɓawon katantanwa ne da ƙayar kifi, sun yi fari fat.

Ya ɗaga kai ya dubi bangon Tsauni, a nan ya gan su duka. Raƙuman dawa sun fi mutum tsawo, an sassaƙa su a jikin dutse har da zanen fatarsu. Ga dorina da ɗanta, ga giwaye, ga shanu masu faffaɗan ƙaho, ga mutane a cikin jirgi suna jan taru. Babu abin da kakarsa ta rera masa wanda ba ya nan. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙafar wani raƙumin dawa, dutsen yana ƙuna, bai ɗauke ba.

Suka haƙa tsakiyar gulbi da masu da hannu, rami ya shanye mutum, yashin bai ko canza launi ba. Suka gwada wani wuri, haka. Komawa kudu ba ruwa kuwa mutuwa ce, kowa ya sani. Da rana ta biyu ta yi zafi, dawakai suka fara faɗuwa, masu rauni suka daina kiran ruwa saboda harshe ya kumbura. Kaura ya zauna a gindin dutse ya rufe fuska da rawani. Galadima bai ce ai na faɗa ba, ya dai riƙa zagayawa yana jan mutane zuwa inuwa.

Sai ga mutum uku sun gangaro daga Tsauni, ba makami. Na tsakiya wani tsoho ne ƙanƙane, busasshe, jekada Illo yana biye da shi. Ya tsaya gaban Sarki ya sauke amawali.

"Sannu da zuwa gida, babban wa. Ni ne Arzika."

Da ƙyar muryar Sarki ta fito. "Ina gulbina?"

"Ya tafi. Waƙoƙinku ba ƙarya ba ne. Bayan tafiyarku ya riƙa ja da baya, bana nan, baɗi can, har wata shekara bai zo ba. Dabbobi sunka bi shi. Ku kunka tafi da gulbi cikin bakinku, mu munka zamna da yashi."

"Me ya hana ku faɗa, duk shekarun nan?"

Arzika ya yi murmushi marar daɗi. "In mun faɗi, mi ya rage muna? Kun fi mu hatsi, kun fi mu mutane. Abu guda munka fi ku, kuna kishinmu. Da ka rufe hanya, ɗiyanmu sunka fara mutuwa, na rasa da mi zan yaƙe ka. Sai na tuna rantsuwar kakanku. Mu ma mun san ta, gaban kakanmu anka yi ta. Na san ba za ku karya ta ba."

Kaura ya yunƙura zai zare takobi. Sarki ya ɗaga masa hannu, sannan ya ce, "Akwai ruwa?"

"Akwai, cikin kwarmin duwatsu, inda rana ba ta kai. Shi ka sha cikin gora. Ba ku gano shi ko kun shekara kuna nema. Zan shayar da mutanenka, in cika musu salkuna su koma. A buɗe hanyar hatsi. Amma alkawarin mai ƙishirwa ba ya wuce maƙoshi, saboda haka kai za ka zamna nan wurinmu. Muddin hanya tana buɗe, kana cikin girma da mutunci. Ƙasar kakanninka kake so, ga ta, ba mai fitar da kai har ka mutu."

Galadima ya faɗi a gaban Arzika ya ce a riƙe shi a madadin ubangidansa. Arzika ya girgiza kai. Sarki Tunau ya juya ya dubi mutanensa a warwatse cikin yashi, waɗanda suka biyo shi suna waƙa. Ya kwance takobinsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "A fara da masu rauni."

Jakuna suka yi ta saukowa da ruwa har kowa ya farfaɗo. Da runduna ta shirya komawa, Sarki ya kira Galadima gefe. Ya ba shi sandar mulki ya kai wa majalisa su zaɓi wanda za su zaɓa. Sannan ya shiga tambayar abubuwan da bai taɓa tambaya ba a zamansa na sarki: ko an gyara rufin rumbunan bayan fada, ko tsamiyar ƙofar gidan uwarsa ta fara toho, ko ƙaramar 'yarsa za ta gane shi in an kwatanta mata. Galadima yana amsawa yana share ido da bakin riga. Sarki ya ce, "Ka gaya musu abin da ka gani, Barmo, kada ka rage komai. Ka ce su sha ruwan rijiyarsu su gode."

Suka tafi. Sarki ya hau kan wani falalen dutse, Illo yana biye da shi, ya tsaya yana kallonsu har suka zama ɗigo-ɗigo, har suka wuce Dutsen Sallama, har ba a ganin komai. Duk rayuwarsa bai taɓa tsayawa ya kalli kudu ba. Can ƙarshen sama, wajen Dargaza, hadari ya haɗu ya yi baƙi, walƙiya tana wasa a cikinsa ba ƙara. Ya san yanzu mata suna can suna kwashe shanya da gudu, manoma suna fito da iri, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Kewar garin ta taso ta tokare masa ƙirji, irin wadda bai taɓa ji ba ko a kan Tsauni.

Ya ce, "Jekada, hadarin can yakan iso nan?"

Illo ya dubi kudu ya daɗe, sannan ya ce, "Muna dai ganinsa kowace shekara, ranka shi daɗe."